Goyon Da Ya Fi Uwarsa Nauyi: Tsokaci A Kan Kalmar "Up" A Aikatau Na Ingilishi

Kafin in ce kome, ya kamata in nemi ahuwa wurin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, domin na san akwai wanda zai buɗe wannan mujalla, ya ga kan maganata, ya ce me ya kawo Ingilishi gidan Hausa? Ina roƙon irin wannan mai karatu ya yi mini haƙuri har ya kai ƙarshe. Nufina shi ne in nuna cewa akwai wani ɓangare na nahawun Ingilishi da ya daɗe yana ba yaranmu wuya, har da mu manyan, alhali kuwa magani ne a gonar yaro. Mu da muke nazarin ƙirar kalma ta Hausa mu ne muke riƙe da maganin, sai dai ba mu kai shi inda ake bukatarsa ba.

Abin da nake magana a kai shi ne irin aikatau ɗin nan na Ingilishi da ke tafe da wata 'yar ƙaramar kalma a bayansa, kamar "give up" da "put off" da "break down" da "take in". Masu harshen suna kiransa "phrasal verb", sunan da wani marubuci, Logan Pearsall Smith, ya yayata a wani littafinsa na 1925. Ni a nan zan kira shi aikatau mai goyo, ita kuwa 'yar kalmar in kira ta goyo. In malamai suna da sunan da ya fi wannan dacewa, sai in ajiye nawa in bi nasu. Goyon nan iri-iri ne, amma zan fi tsayawa a kan "up", don tana cikin waɗanda suka fi yawan fitowa, kuma ita ce ta fi ruɗa mu.

Ina aji huɗu a sakandare ranar da malaminmu na Ingilishi ya shigo ya cika allo da irin waɗannan kalmomi, daga sama har ƙasa, kowace da wata doguwar kalma a gabanta a matsayin fassara: "put out" daidai da "extinguish", "put off" daidai da "postpone", "give up" daidai da "surrender". Ya ce mu kwafe mu haddace kafin Litinin. Wani ɗan ajinmu mai ƙarfin hali ya ɗaga hannu ya tambaya, yaya aka yi "give", da aka koya mana ba da abu ne, da "up", da aka ce mana sama ce, in sun haɗu sai su zama saduda? Malam ya dube shi ya ce babu dalili, haka masu harshen suka ga dama. Muka haddace, aka yi gwaji, bayan mako biyu kuwa duk suka zube. Ban ga laifin malamin ba, don shi ma haka aka koya masa, kuma ba shi ya fara faɗin haka ba. Tun a 1755 Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamus ɗinsa na Ingilishi, ya ambaci wannan irin haɗi a matsayin abin da ya fi ba baƙo wuya a harshensu, yana ganin da yawa daga cikinsu sun yi nisa da ma'anar kalmomin asali har ba mai iya bin sawun yadda aka yi suka kai can. To, in mai ƙamus ya sallama, ina ga malamin sakandare?

Ra'ayina dai shi ne, wannan amsa ta "babu dalili" gaskiya ce a kan kaɗan, kuskure ce a kan mafi yawa, kuma ɓarnar da take yi ta fi amfaninta. Masana Ingilishi da kansu sun daɗe da barin ta. A. G. Kennedy ya yi nazarin waɗannan haɗe-haɗe tun 1920, Dwight Bolinger ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1971, sa'an nan a 1981 Susan Lindner ta yi kundin digirinta na uku a kan "out" da "up" kaɗai, inda ta nuna ma'anoninsu masu yawa suna da zaren da ya haɗa su. A 2007 kuma Dee Gardner da Mark Davies suka ƙidaya aikatau masu goyo a wata taskar rubutu da maganganu ta Ingila mai kalmomi kusan miliyan 100. Suka tarar da su fiye da sau 500,000, kuma fiye da rabin wannan adadi daga aikatau 20 ne kawai tare da goyo 8. Watau abin da ake nuna wa yaro kamar dajin da ba shi da iyaka, ashe 'yar gona ce da za a iya kewayawa, in an san ta inda za a shiga.

Ni ban gane ta inda za a shiga ba sai bara, a darasin ƙirar kalma, lokacin da muka zo kan giredin aikatau. Kowa a sashen nan ya san F. W. Parsons ne, malami a makarantar nazarin harsunan Gabas da Afirka ta Landan, ya fito da wannan tsari a maƙalarsa ta 1960, inda ya kasa aikatau na Hausa giredi bakwai bisa ga wasalin ƙarshe da karin sauti. Abin da ya ja hankalina shi ne giredi na huɗu, mai ƙarewa da wasalin "e", wanda aka ce yana nuna aiki ya game abin da aka yi wa shi gaba ɗaya. Da aka zo fassara misalan da Ingilishi, sai na ga "saya" ta zama "buy", amma "saye" ta zama "buy up". "Ci" ta zama "eat", "cinye" ta zama "eat up". "Sha" ta zama "drink", "shanye" ta zama "drink up". A nan na ajiye alƙalamina. Ashe wannan "up" da aka ce mana ba ta da dalili, aikin da take yi a bayan aikatau na Ingilishi shi ne aikin da ɗafa-ƙeya take yi a aikatau namu. Bambancin kawai shi ne namu goyon a manne yake da uwarsa, nasu kuwa yakan sauka ya yi tafiya da ƙafarsa.

Bari mai karatu ya gwada da kansa. Babu Bahaushen da zai rikita "yaro ya sha nono" da "yaro ya shanye nono". A na farko mai yiwuwa ne da saura a ƙwarya, a na biyu kuwa sai dai a wanke ta. Haka "ya ci kuɗin" da "ya cinye kuɗin", duk da cewa mai kuɗin ba zai ji daɗin ko ɗaya ba. Haka 'yan kasuwa in sun saye hatsi, maganar ta wuce ta saye da sayarwa, ta zama maganar ɓoye abinci. Wannan bambanci da yaron shekara biyar ya riga ya sani, shi ne ke tsakanin "drink" da "drink up", da "use" da "use up", da "dry" da "dry up". Rijiya in ta ƙafe, tabki in ya bushe, Bature "dry up" zai ce. Ɗaure kaya "tie up" ne, kulle shago "lock up", share tsakar gida "sweep up", kwashe kwanuka "clear up", ƙone takarda "burn up". Duk waɗannan a giredi na huɗu suke a wurinmu, duk kuma "up" suke goye da ita a wurinsu.

Sai a tambaya, me ya haɗa sama da gamawa? Amsar da masana suka fi kawowa, wadda kuma ta kwanta mini, ita ce ta mazubi. In ana zuba ruwa a tulu, ruwan hawa yake yi, in ya kai baki kuwa aiki ya ƙare. Saboda haka a "fill up" ana iya ganin ma'anonin biyu tare, ga hawa ga cika. Daga nan kalmar ta ɗauki ma'anar kaiwa ƙarshe ta tafi da ita wuraren da babu hawa ko kaɗan, har ta kai ga "drink up", inda ruwan ƙasa ma yake yi. Wannan tunani ba baƙo ba ne a Hausa. Mu ma da "cika" muke auna ƙarshen abu: wa'adi ya cika, alkawari ya cika, har mutum ma in ya rasu akan ce ya cika. Mai tsaron jarrabawa in ya ce "time is up", abin da ya faɗa shi ne lokaci ya cika, babu ragi babu ƙari.

Akwai kuma wata kalma tamu guda ɗaya da take bin "up" kusan duk inda ta sa ƙafa, watau "tashi". Mutum ya tashi daga barci, "wake up". Ya tashi tsaye, "stand up". A Katsina ya tashi, "grow up". Farashin gero ya tashi, "go up". Rikici ya tashi, ko tsohon ciwo ya tashi, "flare up". Waɗannan ba abin mamaki ba ne sosai, don George Lakoff da Mark Johnson sun nuna a 1980 yadda Ingilishi yake ɗaukar ƙaruwa da farkawa da lafiya a matsayin sama, raguwa da barci da ciwo kuwa a matsayin ƙasa, kuma dalilin a jikin ɗan Adam yake: mai barci a kwance yake, tsibin hatsi in ya ƙaru tsawo yake yi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne har a ma'anar watsewa harsunan biyu sun haɗu. Mukan ce taro ya tashi, kasuwa ta tashi, an tashi daga makaranta. Su kuma su ce "the meeting broke up". Yaron da ya san kasuwa takan tashi ba tare da ta yi fiffike ba, ba shi da dalilin da zai tsaya yana neman sama a cikin "break up".

Wani rukunin kuma na "up" ba giredi na huɗu yake kira ba, na shida yake kira, mai ƙarewa da wasalin "o", wanda ke nuna aiki ya nufo wajen mai magana. Magana ta taso a taro, "come up". Baƙon da ba a zata ba ya ɓullo, "turn up" ko "show up". An tono tsohon zance, "dig up". Ya ƙago labari, "make up" ko "think up". Je ka nemo kalmar a ƙamus, "look it up". A nan harsunan biyu abu ɗaya suke kallo ta fuska biyu. Ingilishi yana ganin abin da ke ɓoye kamar a binne yake a ƙasa, in ya bayyana ya hauro ke nan, kamar yadda shuka ke huda ƙasa. Hausa kuwa tana ganin abin da ke ɓoye a can nesa yake, in ya bayyana ya matso ke nan. Har ma akwai inda "up" ɗin take nufin matsowa tsantsa: "he walked up to me" ba ya nufin akwai tudu tsakaninmu, ya dai tako ya iso inda nake.

Yanzu sai in koma ga tambayar ɗan ajinmu. A ganina "give up" bayarwa ce ta ɗungum, wadda mai yin ta bai rage wa kansa kome ba, ko gari ne, ko muƙami, ko taba, ko begen samun nasara. Abin dariyar shi ne mu ma da bayarwa muke faɗin saduda: ya ba da gari, ya ba da kai, ya miƙa wuya, ya sallama. Da malaminmu ya juya ya tambaye mu yadda ake faɗin abin da Hausa, da ajin ne zai ba shi dalilin da ya ce babu. Amma a makarantar tamu, kamar sauran da yawa, tara ake cin yaro in an ji Hausa a bakinsa.

To, kada in yi abin da nake zargin wasu da shi, watau in ɗauki rabin gaskiya in ce ita ce duka. Daidaiton nan ba na ƙwarya da murfinta ba ne. Ɗauki "yanka". In aka ce "cut up", abin da ya dace shi ne "yayyanka", watau ninki ne ya ɗauki aikin, kamar yadda "tear up" take "yayyaga", "divide up" take "rarraba". Ita kuwa "yanke", da ke giredi na huɗu, "cut off" ce. Haka "goge" tana iya zama "wipe off" ko "wipe out", "cire" ta zama "take off" ko "take out", "janye" ta zama "pull out", "kashe" fitila kuwa "put out" ko "turn off". Dalili shi ne giredi na huɗu ba gamewa kaɗai yake nunawa ba, yana kuma nuna rabuwa, shi ya sa yake yawo tsakanin "up" da "off" da "out" da "away". Giredi na biyar ma yana da rabonsa a nan, tun da Paul Newman ya nuna a 1983 cewa asalin ma'anarsa ita ce aiki ya fita daga wajen mai yin sa: zubar, jefar, bayar, waɗanda su ne "pour away" da "throw away" da "give away". Saboda haka ba cewa nake a rubuta wa yaro "up" daidai take da wasalin "e" ya haddace ba. In an yi haka an sauya masa hadda da wata hadda ke nan. Abin da nake cewa shi ne a nuna masa goyon yana da aiki, kuma irin aikin da ya saba ji ne a harshensa.

Har wa yau akwai waɗanda ko an yi bayanin duniya ba za su shiga tsari ba. "Put up with", watau jure wa abu, ban ga hanyar da za a bi daga ajiyewa da sama a iso gare ta ba. "Make up" ita kaɗai tana nufin ƙaga labari, da shiryawa bayan faɗa, da kwalliyar fuska, da cike giɓi. Gida in ya ƙone "burn down" ne, takarda kuwa "burn up", alhali wuta ɗaya ce. "Slow up" da "slow down" ma'anarsu ɗaya, ko da yake sama da ƙasa kishiyoyi ne. A irin waɗannan Johnson yana da gaskiya. Sai dai kafin mu yi wa Ingilishi dariya, mu tuna da abin da muke yi wa mai koyon Hausa da kalmar "ci". Mun ce masa ci shi ne sa abinci a baki, sa'an nan muka ce ya ci gaba, ya ci jarrabawa, ya ci bashi, ya ci sarauta, kada ya ci amana, kada ya ci mutuncin kowa. Bai farfaɗo ba muka kawo masa "sha": sha wahala, sha iska, sha alwashi, sha kashi. "Ci gaba" ma, in an duba, aikatau ne da bayanau a bayansa, ƙirarsa ɗaya da "go on". Kowane harshe yana da irin wannan lungu, kuma ba a koyar da harshe daga lungunsa.

Wani abu da ya shafi ginin jimla ya cancanci a ɗan taɓa shi. Goyon Ingilishi yakan matsa: ana cewa "pick up the book" ko "pick the book up", amma in karɓau wakilin suna ne dole ya shiga tsakani, "pick it up". Yaranmu sukan yi tuntuɓe a nan, alhali aikatau namu ma yana sauya kama gwargwadon abin da ya biyo shi, kamar a giredi na biyu: ya saya, ya sayi doki, ya saye shi. Wannan misali na ƙarshe ya tono wani ciwo namu na gida. "Ya saye shi" a rubuce abu biyu ne. In karin sautin aikatau ƙasa-sama ne, giredi na biyu ne, watau "he bought it". In sama-ƙasa ne, giredi na huɗu ne, watau "he bought it up". Kunne yana rarrabewa, amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, don haka a takarda bambancin ya ɓace. Bature yana rubuta goyonsa ɓaro-ɓaro, mu kuwa a wasu wuraren namu sai an furta ake jin sa. Duk wanda zai shirya darasi a kan wannan kwatance dole ya sa alamar karin sauti, in ba haka ba ya ƙara ruɗa yaran.

Me ake asara in an bar abin yadda yake? Na farko dai, wanda aka tsorata da abu gudunsa yake yi. A 1985 Menachem Dagut da Batia Laufer sun gwada ɗalibai masu jin Ibrananci, suka ga suna kauce wa aikatau mai goyo suna zaɓen kalma guda mai ma'ana ɗaya da shi, musamman in ma'anar ba a fili take ba. Duk wanda ya karanta wasiƙun neman aiki ko ya saurari muhawarar ɗalibai a ƙasar nan ya san mu ma haka muke. Ba ma kashe wuta sai mun yi mata "extinguish", ba ma jure wa abu sai mun yi masa "tolerate". Kalmomin nan dogaye yawancinsu daga Faransanci da Latin suka shigo Ingilishi, su ne na kotu da ofis, gajerun masu goyo kuwa su ne na gida da kasuwa da hira. Abin da jama'a ke yi wa ba'a da sunan dogon Turanci, wani ɓangarensa ba burga ba ce, tsoro ne.

In kuma ba mu gudu ba, sai mu yi ƙiyasi, kuma kurakuran da muke yi su kansu hujja ce a gare ni. A Ingilishin Nijeriya akan ji mai jawabi ya ce zai yi "round up", yana nufin zai kammala, alhali a Ingilishin Ingila "round off" ake cewa, "round up" kuwa tattaro dabbobi ne ko kame mutane. Akan kuma ji "cope up with" a maimakon "cope with". Wa ya koya wa mutane wannan "up"? Babu. Kunnensu ne ya gaya musu tana nuna kammalawa da kaiwa matuƙa, sai suka sa ta inda suka ga ya dace. Watau ɗalibi ya riga ya gano akwai doka tun malami yana ce masa babu. Da an faɗa masa dokar da iyakarta, da ƙiyasinsa ya fi faɗawa daidai.

Asara ta biyu ita ce ta fi shafar mu 'yan wannan sashe, don da yawanmu aikin fassara za mu yi, a rediyo ko jarida ko kotu ko asibiti. Tun da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kuma buɗe sashen Hausa na BBC a 1957, labarin duniya ta hannun mai fassara yake isa kunnen Bahaushe, kuma harshen labarai cike yake da aikatau mai goyo. A ɗauka ana zaman sulhu tsakanin ɓangarori biyu masu faɗa. In rahoto ya ce "the talks broke up", an tashi ke nan, mai yiwuwa a sake zama. In ya ce "broke off", an katse zaman ba a gama ba. In kuwa ya ce "broke down", sulhun ya rushe. Aikatau ɗaya ne a duka ukun, labarin kuwa uku ne, kuma duk nauyinsa a kan goyon yake. Haka "step up" ƙara ƙaimi ne, "step down" sauka daga muƙami. "Back up" goyon baya ne, "back down" janyewa daga matsayi. Mai fassarar da aka koya wa cewa 'yar kalmar nan ado ce, idonsa a kan aikatau zai tsaya, ya duba "break" a ƙamus ya ga "karya" ko "fasa", ya rubuta abin da ya samu. Mai sauraro a ƙauye kuwa ba shi da hanyar komawa ga asalin rahoton ya duba.

Na san abin da za a ce. Wasu za su ce shigar da Hausa ajin Ingilishi lalata Ingilishin yaro ne, gara a nutsar da shi cikin harshen har ya iya iyo. Wannan magana tana da ƙarfi a inda yaro ke jin Ingilishi a gida da titi, don a can kunne ne ke koya masa goyo ba tare da darasi ba. Amma yaron da ba ya jin Ingilishi sai na minti arba'in a aji, ba kogi aka jefa shi ba, ɗan ruwan buta ne aka yayyafa masa. Kuma ko an hana shi furta Hausa, da ita yake tunani, don haka kwatancen zai yi shi a ransa ko an so ko an ƙi. Gara a yi shi a fili inda malami zai iya gyarawa. Wasu kuma za su ce malaman Ingilishi ba su san giredi ba, kuma ba duk ɗalibai ne Hausawa ba. Gaskiya ne. Sai dai ba a bukatar a ambaci Parsons ko lambar giredi a gaban 'yan aji biyu. A rubuta "ci" da "cinye" a hagu, "eat" da "eat up" a dama, a bar yaran su kawo sauran. Inda kuwa ajin gauraye yake, sai a nemi abin da harsunan sauran yaran suke yi wa wannan ma'ana.

Abin da ya rage shi ne kayan aiki, kuma a nan ne nake ganin nauyin ya faɗo kanmu. Ƙamus na Ingilishi zuwa Hausa, daga na Neil Skinner na 1965 har zuwa na Roxana Ma Newman na 1990, bisa jerin baƙaƙe aka tsara su kamar kowane ƙamus, saboda haka "eat up" tana wani shafi, "use up" tana can wani shafi mai nisa, mai dubawa ba zai taɓa ganin 'yan'uwa ne ba. Masu ƙamus na Collins COBUILD sun lura da wannan, shi ya sa a ƙamus ɗinsu na aikatau masu goyo na 1989 suka sa wani sashe a ƙarshe da ya bi goyo ɗaya-ɗaya yana kasa ma'anoninsa. Irin wannan sashe muke bukata da Hausa: a ɗauki goyon nan 8, a kasa ma'anonin kowane, a ajiye kowace ma'ana kusa da giredi ko ninki ko karin maganar da ke ɗaukar ta a Hausa, da alamar karin sauti, sa'an nan a ware waɗanda suka ƙi shiga tsari a ce waɗannan kam sai hadda. Wannan bai fi ƙarfin kundin digiri na farko ba, in ɗalibai biyu ko uku suka raba goyon a tsakaninsu, kuma ina roƙon malamanmu su sa shi cikin batutuwan da ake ba 'yan ajin ƙarshe.

A hutun da ya wuce na gwada abin a kan ƙanena da ke aji uku na ƙaramar sakandare. Na ba shi "ci" da "cinye", da "sha" da "shanye", da takwarorinsu na Ingilishi, ban ƙara masa kome ba. Da na tambaye shi "use up" sai ya ce a yi amfani da abu har ya ƙare. "Dry up" ya ce ƙafewa. Da muka zo "turn up" ya ɗan yi jim, sai da na ba shi "taso" da "ɓullo" tukuna ya kama. A "cut up" ya ce "yanke", na gyara masa na ce "yayyanka", na nuna masa "cut off" a gefe. Daga nan ya buɗe littafinsa na makaranta ya nuno mini "put up with", ya ce to wannan fa? Na ce masa wannan ya rubuta ta a bayan littafi ya haddace.